Yadda za ka fara binciken naɗewar furotin da laftof ɗinka, daga sikila zuwa ciwon zuciya

Wannan bayanin na ɗaliban bayokemistiri ne da maikurobayoloji da masu karatun kimiyyar lab, musamman 'yan ajin ƙarshe da ke ta neman tofik ɗin furojet alhali aljihu ba zai ɗauki sayen riyejen na dubban ɗaruruwa ba. Akwai aikin da za ka iya yi a kan naɗewar furotin da laftof kawai da data, ba sai ka taɓa kwalbar lab ko ɗaya ba, kuma aiki ne na gaske ba cika takarda ba, in dai ka san iyakar abin da kwamfutar za ta iya gaya maka. Wannan iyakar ita ce yawancin mutane ke tsallakewa, shi ya sa in mun zo wajen zan ɗan daɗe a kai. Ke ma 'yar'uwa da ke nake, ina cewa "ka" ne kawai don sauƙin rubutu.

Kafin a kunna laftof bari mu daidaita a kan abu ɗaya. Furotin sarƙa ce ta amino asid, iri 20 ake jerawa, DNA ce ke faɗin wanne zai bi wanne. Amma sarƙar a miƙe ba ta tsinana komai sai ta naɗe ta ɗauki siffarta tukuna, kamar dai rawani, yadin a shimfiɗe ƙyalle ne kawai, naɗin ne ke mayar da shi rawani. Babban abin da ke tuƙa naɗin nan kuwa ruwa ne. Amino asid masu gudun ruwa irin su balin da lusin da fenilalanin sai su ruga su ɓuya a can ciki, masu caji irin gulutamet da laisin su tsaya a waje suna hulɗa da ruwa. Riƙe wannan da kyau don duk abin da za mu gani a gaba nan yake komawa.

Christian Anfinsen a Amurka shi ne ya nuna cewa umarnin naɗin yana cikin jerin kansa, ya ɗauki wani enzayim, ribonuclease mai amino asid 124, ya warware shi da yuriya da wani sinadari mai tsinka haɗin salfa, da ya janye sinadaran sai furotin ɗin ya koma ya naɗe da kansa ya ci gaba da aikinsa kamar ba a yi komai ba. Ya samu Nobel a 1972. To sanin cewa umarnin na nan daban, iya karanta shi daban, wannan ya gagari masana kusan shekara 50, sai a gasar hasashen siffar furotin mai suna CASP14 ta 2020 manhajar AlphaFold2 ta kamfanin DeepMind na Landan ta zo ta ba kowa mamaki. A 2024 Demis Hassabis da John Jumper na DeepMind ɗin suka raba Nobel na kemistiri da David Baker na Jami'ar Washington. Tarihin ya isa haka, mu shiga aiki.

Fara da jerin, kada ka fara da hoto

Shiga UniProt, ma'ajiyar jerin furotin ce a intanet, kyauta ne ba rajista, ka rubuta P68871 a wajen nema. Wannan ita ce sarƙar beta ta himogulobin ɗin mutum. Na zaɓe ta ne da gangan saboda babu wanda ya tashi a Arewa bai san gidan da ake fama da amosanin jini ba, kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya yana ɗauke da S guda, kuma ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a ƙasar, babu ƙasar da ta kai mu. In za ka koyi kallon furotin gara ka koya da wanda ka san abin da yake yi wa mutane.

Sauka ƙasa wajen jerin haruffa, za ka ga ya fara da MVHLTPEEKSAV, kowane harafi amino asid ɗaya ne. Kwafe shi gaba ɗaya ka liƙa a Notepad, kada ka sa a Word don tana canja abubuwa tana ƙara tazara. Yanzu cire M ɗin farko a ranka ka ƙirga: V 1, H 2, L 3, T 4, P 5, E 6. Wannan E ɗin na shida gulutamet ne. A mai sikila V ne a wajen, wato balin, sai jerin ya zama VHLTPVEK. A DNA harafi ɗaya ne tak ya sauya, GAG ya koma GTG. Shi ke nan fa, duk kwanan asibiti da ƙarin jini da ciwon ƙashi na cikin dare daga nan suka taso. Vernon Ingram ne ya gano wannan sauyin a Cambridge a tsakanin 1956 da 1957, bayan Linus Pauling da abokan aikinsa sun nuna tun 1949 cewa himogulobin ɗin masu sikila yana tafiya daban in an sa shi a wutar lantarki.

Ga tarko na farko da ke kama ɗalibai. A littattafai za ka ga Glu6Val, a UniProt da ClinVar (ma'ajiyar sauye-sauyen DNA da alaƙarsu da cuta) kuma za ka ga Glu7Val, sai ka ɗauka abu biyu ne. Abu ɗaya ne, su suna ƙirgawa har da M ɗin farko wanda jiki ke yankewa daga baya, shi ya sa sarƙar take 147 a wajensu, 146 a cikin jini. A furojet ɗinka zaɓi ƙirga ɗaya ka faɗa tun a babi na ɗaya ka tsaya a kanta, in ba haka ba ranar difens wani malami zai tsare ka a nan kawai ya bar duk sauran aikin.

Tunda kana wajen, gwada na HbC ma, wato himogulobin C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso kuma muna da masu SC a nan. Wuri ɗaya ne, na shida, amma laisin ne ya maye gurbin, K ke nan. Gulutamet cajinsa negatif, balin ba shi da caji, laisin fozitif. Ka ga dalilin da ya sa in an yi gwajin jinotaif a lab a kan takardar salulos asitet, A ke yin gaba, S na bin sa a baya, C kuma ya fi kowa nawa. Mutum ya sha ganin layukan nan uku a furaktikal bai taɓa haɗa su da harafi ɗaya ba.

Sai siffar da aka auna da gaske

Kafin ka je wajen AlphaFold, duba tukuna ko an riga an auna siffar furotin ɗinka a lab. Ma'ajiyar ita ce Protein Data Bank, a taƙaice PDB, an kafa ta a 1971 da siffofi 7 kacal, yanzu sun haura 200,000. Shiga shafinta na RCSB ka rubuta 4HHB, wannan himogulobin ne na lafiya wanda ba ya ɗauke da oksijin, aikin su Max Perutz ne, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan furotin ɗin. Sai kuma 2HBS, na sikila, shi ma ba oksijin. A kowane shafi duba lambar da ke nuna tsabtar awon, ana rubuta ta da angistirom, ma'aunin tsawo a matakin atam, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kyau, 4HHB na kan 1.74, 2HBS kuma 2.05, duk biyun za ka iya yarda da inda kowace amino asid take. In ka ga abu ya wuce 3.5 to ka yi hattara da maganar cewa wannan atam yana taɓa wancan.

Za ka iya juya su a burauza kai tsaye da manhajar Mol* da ke cikin shafin, har a waya yana buɗewa ko da yake wahala ce. Amma shawarata ka sauke manhajar kallon siffar furotin, PyMOL ko ChimeraX ta Jami'ar Kalifoniya a San Francisco wadda kyauta ce ga ɗalibai, ka kuma sauke fayilolin ka ajiye a folda lokacin da netwok ke da kyau, don in an ɗauke wuta ko data ta ƙare ka ci gaba da aikinka. Laftof mai RAM 4GB ma zai ja himogulobin ba matsala. Linzami na waje dai ka nema ko mai araha ne, juya furotin da tafin laftof azaba ce.

A PyMOL rubuta waɗannan a layin umarni ɗaya bayan ɗaya:

fetch 2hbs
select shida, resi 6 and chain B+D+F+H
show spheres, shida
color red, shida
select aljihu, resi 85+88 and chain B+D+F+H
show spheres, aljihu
color yellow, aljihu

Abin da ke gabanka ƙwayoyin himogulobin biyu ne, kowace da sarƙa huɗu, alfa biyu beta biyu, shi ya sa haruffan suka kai H. Jajayen su ne balin na shida, masu ruwan ɗorawa kuma fenilalanin na 85 da lusin na 88. Juya a hankali ka nemo inda ja na wata ƙwaya ya cusa kai cikin ruwan ɗorawar ƙwayar da ke maƙwabtaka da ita. Don ka ga yadda layin ke ci gaba, ƙara symexp kusa, 2hbs, 2hbs, 5 sai manhajar ta fito maka da maƙwabtan da ke cikin lu'ulu'un furotin da aka auna siffar da shi. Tsaya ka kalli wannan wurin sosai, ka zuƙo shi kusa. Balin mai gudun ruwa ne amma ga shi an ajiye shi a waje tsirara cikin ruwa, to da ya samu ɗan aljihun nan mai maiƙo a jikin wata ƙwayar sai ya shige, ita ma waccan nata balin ɗin ya shige na gaba, haka haka har su zama doguwar igiya mai tauri a cikin jar ƙwayar jini, su lanƙwasa ta ta kasa wuce ƙananan jijiyoyi. Kuma haɗuwar tana yiwuwa ne a siffar da himogulobin ke ɗauka in ya sauke oksijin, shi ya sa zazzaɓi da ƙishirwa da wahalar jiki da duk abin da ke rage oksijin ko ya ƙafar da ruwan jiki ke tayar da ciwon.

Yanzu ɗora na lafiya a kan na sikila: fetch 4hhb, sannan align 4hhb and chain B, 2hbs and chain B. Me ka gani? Kusan ba bambanci, sun hau kan juna daram. Wannan shi ne darasin da nake so ya zauna maka. Himogulobin S ya naɗe daidai, naɗinsa bai lalace ba, fatarsa ce ta samu tabo mai danƙo. Saboda haka in ka rubuta a furojet cewa sikila cuta ce ta lalacewar naɗi, ba ka faɗi daidai ba, cuta ce ta mannewa da dunƙulewa. 'Yan uwan juna ne amma ba ɗaya ba ne, kuma na sha ganin an cakuɗa su har a takardun da aka buga.

Wanda naɗinsa ke lalacewa da gaske

Koma UniProt ka nemo P02766, sunansa transthyretin, a taƙaice TTR. Hanta ce ke yin mafi yawansa, aikinsa dakon homon ɗin tairoksin da kuma taimakawa wajen ɗaukar bitamin A a jini. Sarƙa huɗu ne iri ɗaya ke haɗuwa su yi ƙwaya guda, kowace amino asid 127. Matsalarsa ita ce in huɗun nan suka rabu, ɗaya ɗayan ba ta da ƙarfin riƙe kanta, sai ta ɗan warware, gefunan da ya kamata su ɓuya su fito fili, sai su kama junansu su jeru su zama zaren da ake kira amiloyid, ya je ya taru a tsokar zuciya ko a jijiyoyin ji. Zuciya ta yi kauri ta sandare ta kasa cika da jini yadda ya kamata, mutum ya fara haki da kumburin ƙafa.

Dalilin da ya sa na kawo shi, akwai wani sauyi a cikinsa, balin na 122 ya koma aisolusin, V122I, wanda asalinsa Afirka ta Yamma ne, kuma kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na baƙaƙen fatan Amurka suna ɗauke da shi. Yawanci sai bayan shekara 60 yake bayyana, kuma ba kowane mai ɗauke da shi ke kamuwa ba. Kusan duk abin da aka rubuta a kansa a Amurka da Ingila aka yi, a kan jikokin mutanen da aka kwasa daga yankinmu, ni a ganina wannan kaɗai ya isa ya sa ɗalibi a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya san sunansa. Akwai wani kuma V30M wanda likita Corino de Andrade ya fara bayyana cutarsa a 1952 a garuruwan masunta na arewacin Fotugal, shi jijiyoyi ya fi kamawa.

Tarkon ƙirga ya sake dawowa a nan kuma ya fi na farko muni, V122I a ClinVar da gnomAD (ma'ajiyar bambance-bambancen DNA na mutane) sunansa Val142Ile, bambancin 20 cif, saboda akwai gutsuren amino asid 20 a farkon sarƙar da ake yankewa kafin furotin ya fita daga tantanin hanta. Fayilolin PDB suna bin ƙirgar 122, na AlphaFold suna bin 142. In ka danna 122 a fayil ɗin AlphaFold wata amino asid daban za ka yi ta yi wa sharhi.

Buɗe 1F41 a PyMOL. In ka yi fetch kawai sarƙa biyu za ka gani, ka ce ina sauran? Sai ka ce fetch 1f41, type=pdb1 sannan set all_states, on tukuna huɗun su bayyana. Wannan ma abu ne da ya kamata ka saba dubawa a kowane furotin, abin da ke cikin fayil ba lallai shi ne cikakkiyar ƙwayar da ke aiki a jiki ba. Haska resi 122 ka ga yadda yake can kusa da inda sarƙoƙin ke riƙe juna. Aisolusin ya ɗara balin da ɗan kabon ɗaya ne kawai da haidurojin ɗinsa, amma a matsattsen wuri wannan ya isa ya sassauta riƙon, huɗun su fi saurin rabuwa. Daga nan buɗe 3TCT, shi TTR ne tare da maganin tafamidis a ciki. Za ka ga maganin zaune a ramuka biyun da tairoksin ke shiga, a tsakiyar ƙwayar, yana riƙe da ɓangarorin biyu. Tunanin Jeffery Kelly ne na cibiyar Scripps a Kalifoniya, cewa tunda rabuwar huɗun ita ce matakin da ya fi jinkiri, to a hana rabuwar tun farko maimakon a bi zare ana neman narkar da shi. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi don ciwon zuciyar a 2019. Tsadarsa kam ba a magana.

To yanzu AlphaFold

Ma'ajiyar AlphaFold da DeepMind suka yi da cibiyar EMBL-EBI tana da hasashen siffofi sama da miliyan 200 tun Yulin 2022, lambar UniProt kawai za ka sa. In jerinka na daban ne, misali ka canja harafi da hannunka, sai ka yi amfani da ColabFold, wato hanyar gudanar da AlphaFold2 a burauza ta Google Colab, ka liƙa jerin a akwatin query_sequence, in sarƙoƙi da yawa ne ka raba su da alamar ɗigo biyu (:), ka tabbata an ba ka GPU, ka danna Run all ka jira. Na kyauta yana iya yanke ka a tsakiya, kuma in netwok ya ɗauke na dogon lokaci aikin na iya tafiya, don haka da asuba ko tsakar dare ya fi, kuma da ya gama sauke zif ɗin nan take. Akwai kuma AlphaFold Server mai AlphaFold 3 da ya fito a Mayun 2024, da akawun ɗin Google ake shiga, yana da adadin aikin da zai bari ka yi a rana, shi yana iya sa him, wato ɓangaren himogulobin mai ƙarfe da ke kama oksijin, a ciki, abin da AlphaFold2 ba ya yi.

Launukan da za ka gani ba ado ba ne, maki ne da ake kira pLDDT, daga 0 zuwa 100, manhajar ce ke gaya maka yadda ta yarda da kanta a kowane wuri. Shuɗi mai duhu sama da 90, ka yarda. Shuɗi mai haske 70 zuwa 90, ƙashin bayan sarƙar daidai ne galibi. Ruwan ɗorawa 50 zuwa 70, taka a hankali. Ruwan lemo ƙasa da 50, kada ka gina komai a kai. Sannan akwai koren murabba'in nan na PAE da kowa ke wucewa bai kalla ba, shi ke nuna ko manhajar ta san yadda ɓangare kaza ke zaune dangane da ɓangare kaza. Za ka iya samun ɓangarori biyu duk shuɗi amma jerawarsu da juna zato ne kawai, PAE ne zai tona.

Don ka ga ruwan lemo da idonka nemo P10636, furotin ɗin tau na cutar mantuwa ta Alzheimer. Kusan duk jikinsa igiyoyi ne a warwatse. Ba wai manhajar ta lalace ba, shi tau ɗin haka yake, ba shi da tsayayyen naɗi in yana shi kaɗai. Siffar zarensa na cuta kuwa ba hasashe ne ya ba da ita ba, a 2017 ne su Sjors Scheres da Michel Goedert a Cambridge suka ciro zaren daga ƙwaƙwalwar mamaci suka auna da madubin ilektaron mai daskarewa. Daga baya aka ga cewa tau ɗin nan guda yana naɗewa daban daban a cututtuka daban daban, jeri ɗaya siffa da yawa. Haka ma furotin ɗin furiyon da Stanley Prusiner ya raɗa wa suna a 1982, mai haddasa haukan shanun da ya addabi Ingila daga 1986, jerinsa ɗaya ne da na lafiyayyen, naɗin ne ya bambanta, kuma gurɓataccen yana tilasta wa mai kyau ya koma irinsa. AlphaFold zai ba ka mai kyaun ne kawai.

Ga babban kuskuren da nake ta gani a furojet. Ɗalibi ya sa jerin lafiya a AlphaFold, ya sa mai sauyi, ya ɗora su, ya ga bambancin da bai kai angistirom guda ba a wani ɗan lanƙwasa, sai ya rubuta shafi biyar cewa ga yadda sauyin ke lalata furotin. Wallahi ba haka ba ne. AlphaFold ba a gina shi don ya ji sauyin harafi ɗaya ba, yana dogara ne sosai da jerin dangin furotin ɗin daga dubban halittu, harafinka ɗaya nutsewa yake yi a cikinsu. Ɗan bambancin da ka gani, sake gudanar da jerin lafiyan sau biyu ma za ka iya samun irinsa, gwada ka gani. Kuma ba ya gaya maka ƙarfin naɗin, ko saurin rabuwar sarƙoƙi, ko hanyar da aka bi aka naɗe, ko abin da zafi da asid za su yi. Hoto ɗaya yake ba ka a tsaye, cutar kuwa a motsi take. Dubi F508del na cutar cystic fibrosis da ta fi yawa a Turawa, fenilalanin ɗaya ne ya ɓace cikin 1,480, furotin ɗin yana kasa kammala naɗi sai tantanin ya farfasa shi kafin ya isa inda zai yi aiki, wannan duk labari ne na hanya, hoton ƙarshe ba zai nuna maka shi ba.

Abin da ya fi shi ne ka ɗauki siffar da aka auna ta PDB, ka kai ta wajen manhajojin da aka yi musamman don lissafin ƙarfin naɗi, irin DynaMut2 da mCSM da ke aiki a burauza, ko FoldX da ake saukewa da lasisin ɗalibai. Za su ba ka lamba, ΔΔG, wato yadda sauyin ya ƙara ko ya rage ƙarfin naɗin, da kilokalori a kowane mol. Karanta bayanin kowace manhaja kafin ka fassara, don a wasu negatif ne ke nufin sauyin ya raunana furotin, a FoldX kuma fozitif ne, mutane da yawa sun juya sakamakonsu a nan. Yi amfani da aƙalla biyu ko uku, in sun saɓa ka rubuta cewa sun saɓa, wannan ma sakamako ne. Ka haɗa da makin AlphaMissense na 2023, mai hasashen ko sauyi zai iya kawo cuta, ka duba abin da ClinVar ta ce. Kuma dole ka sa ma'auni, wato sauye-sauyen da an riga an san suna kawo cuta da waɗanda an san ba sa yin komai, ka ga ko manhajar ta iya raba su kafin ka yarda da abin da ta ce a kan naka. Gwada Glu6Val a ciki don nishaɗi, kada ka yi mamaki in ta nuna maka ba wani abin tashin hankali ba ne, ai mun riga mun ga dalili.

In sufabaiza ya nace sai an taɓa benci, akwai hanya mai sauƙin kuɗi. Laisozayim na farin ƙwan kaza yana yin zaren amiloyid in an ajiye shi a pH 2 da zafin wajen digiri 60 zuwa 65 na wasu kwanaki, masu bincike da yawa da shi suke gwaji. Ana bin sawunsa da rinin Congo red wanda ke canja yadda yake shan haske in ya kama zare, sifektirofotomita ta talaka ma za ta gani, ko da thioflavin T in akwai injin fuloresans a sashenku, ana haska shi a wajen nanomita 440 a karanta a wajen 482. Matsalar ɗaya ce, wuta, don in wankan ruwan ya huce ya sake zafi ya huce sakamakon ba zai maimaitu ba, sai ka nemi lab mai sola ko inbata tun kafin ka rubuta furofozal. In kuma za ka gwada ruwan wani ganye ka ga ko yana hana zaren, kamar yadda ake yawan yi a sassanmu, to ka sani yawancin ruwan ganye yana da launi kuma yana iya dusashe hasken thioflavin T da kansa ko da zaren na nan daram, don haka sai ka zuba shi a kan zaren da ya riga ya haɗu ka auna nan take, in hasken ya faɗi a take to rinin ya taɓa ba zaren ba. Jinin mutane kuwa, ko ɗigo ɗaya ne, kada ka ɗiba sai da takardar kwamitin ɗa'a na asibitin da yardar mai jinin a rubuce.

Wajen rubutawa, duk hoton da ka sa ka faɗi ko aunawa aka yi ko hasashe ne, ka sa lambar PDB ko ta UniProt, da sigar manhajar, da ranar da ka sauke, don ma'ajiyoyin nan ana sabunta su. Hoton AlphaFold ka bar shi da launukan pLDDT ɗinsa, kada ka shafe shi da kore ɗaya don ya yi kyau a silaid. A PyMOL rubuta bg_color white sannan ray 2000,1500 sannan png hoto1.png, farin bango ya fi fita a firinta kuma mai shagon ba zai caje ka kuɗin baƙin tawada ba.